Buga Foka a Intanet Ba Tare da Duba Katinka Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani atisaye da ya daɗe yana yawo a bakin masu wasan kartar nan da ake kira foka, wato mutum ya zauna a teburin intanet ya rufe katunan da aka raba masa, ya buga wasan tun daga farko har ƙarshe bai san abin da yake riƙe da shi ba. Wanda ya ji wannan a karon farko yakan ɗauka shiririta ce. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi asalin atisayen da lissafin da ke ƙarƙashinsa da kuma inda amfaninsa ya tsaya, kuma duk bayanin yana kan nau'in Texas Hold'em ne, domin shi ne aka fi bugawa a intanet.

Mene ne ainihin abin da ake yi a wannan atisaye?

A Texas Hold'em ana raba wa kowane ɗan wasa katuna 2 a rufe daga cikin katuna 52, sannan a shimfiɗa katuna 5 a tsakiyar tebur waɗanda kowa yake da haƙƙin haɗawa da nasa: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Kafin a shimfiɗa na farko da kuma bayan kowace shimfiɗa ana zagayen zubi, inda mutum zai iya zubawa, ko ya ƙara a kan zubin wani, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ajiye katinsa ya fita daga hannun. Mai atisayen yana yin duk waɗannan kamar kowa, sai dai yana manna 'yar takarda a kan allon kwamfutarsa daidai inda katunansa biyu suke fitowa. Abin da ya rage masa na yanke shawara shi ne mazauninsa a tebur, da yawan kwandalolin wasa da ke gaban kowa, da girman zubin da ake yi, da katunan tsakiya, da halayen mutanen da yake wasa da su.

Wa ya sa wannan abu ya yi suna?

Wata 'yar ƙasar Norway ce mai suna Annette Obrestad, wadda aka haifa a shekarar 1988, kuma aka fi sani a shafukan foka da laƙabin Annette_15, saboda tana da shekara 15 ta fara wasan. A watan Yuli na 2007 ta shiga wata gasar intanet ta mutum 180 wadda kuɗin shigarta dala 4 ne, ta cinye gasar, alhali a cewarta sau ɗaya tak ta leƙa katinta, a lokacin da wani ya zuba duk abin da ke gabansa ya tilasta mata ta zaɓa tsakanin biya da janyewa. Ta bayyana cewa ta yi hakan ne don ta nuna muhimmancin mazauni da kuma muhimmancin sa ido a kan abokan wasa.

Da labarin ya tsaya a nan, wataƙila da an manta da shi. Amma a watan Satumba na wannan shekarar, saura kwana ɗaya ta cika shekara 19, sai ta lashe babbar gasar World Series of Poker Europe ta farko a birnin Landan, ta tafi da fam miliyan 1, ta kuma zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa karɓar munduwar zinaren da ake ba zakaran gasar. A wannan lokacin doka ba ta ma yarda ta shiga gidajen cacar Las Vegas ba, domin a can sai mutum ya kai shekara 21. Wannan nasara ta biyu ce ta sa mutane suka koma suka ɗauki ta farkon da muhimmanci, tunda ta tabbata cewa wadda ta rufe katin ƙwararriya ce ta gaske.

Ta yaya mutum zai ci wasa bai san abin da ke hannunsa ba?

Amsar tana cikin wani abu da sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba: hannaye da yawa a foka suna ƙarewa ba tare da an buɗe katin kowa ba. Idan mutum ya zuba, kowa ya ajiye, to ya kwashe abin da ke tsakiya, kuma babu mai tambayarsa abin da ya riƙe. A irin wannan hannu, katin A guda biyu, wato mafi ƙarfin abin da ake raba wa mutum, da katin 7 da 2 marasa ƙarfi daidai suke, domin babu wanda ya gan su.

Ga lissafin a aikace. A ɗauka zubin dole, wato abin da ake tilasta wa mutum biyun da ke hagun mai rabo su saka kafin a raba kati, 100 ne da 200, wato akwai 300 a tsakiya tun kafin kowa ya motsa. Kowa ya ajiye har aka zo kan mai atisaye, wanda ke zaune a kujerar mai rabo, sai ya ƙara zubi zuwa 500. Ya saka 500 cikin haɗari don ya samu 300, saboda haka idan mutum biyun nan suna ajiyewa fiye da kashi 62.5 cikin ɗari na lokuta, ƙarin yana da riba ko da katinsa bai taɓa cin komai ba. Idan kowannensu yana ajiyewa sau takwas cikin goma, su biyun za su ajiye tare a kashi 64 cikin ɗari, an riga an haye iyakar. Idan kuma gasar ta kai matakin da kowa a teburin mutum 9 yake saka ƙarin zubin dole na 25, abin da ke tsakiya ya zama 525, kuma abin da ake buƙata ya sauko zuwa kimanin kashi 49.

Bayan an shimfiɗa katuna ukun farko ma haka abin yake. Wanda yake riƙe da katuna biyu mabambanta yana dacewa da ɗaya daga cikinsu a shimfiɗar farko kimanin sau ɗaya ne cikin uku, sauran biyun kuwa bai samu komai ba. Idan akwai 1,200 a tsakiya, mai atisaye ya zuba 600, yana buƙatar abokin karawarsa ya ajiye sau ɗaya kawai cikin uku kafin ya mayar da kuɗinsa. Wannan ba ya nufin duk wanda bai dace ba zai ajiye, domin wani yana jiran jeri (katuna biyar masu bin juna a lamba) ko launi (katuna biyar masu alama iri ɗaya), wani kuma tun asali katunansa biyu iri ɗaya ne, amma tazarar da ke tsakanin lissafin biyu tana da faɗi, kuma a cikinta ne wanda ya rufe katinsa yake samun abin da zai rayu da shi a gasar.

Me ya sa ake yawan maganar mazauni?

Saboda wanda ya yi magana a ƙarshe ya riga ya ji ta kowa. Kujerar mai rabo tana zagayawa hannu bayan hannu, kuma wanda take kansa shi ne na ƙarshe wajen yanke shawara a duk zagayen da ke biyo bayan shimfiɗa. Yana ganin wanda ya yi shiru ya bar zubi ya wuce, yana ganin wanda ya zuba da ƙarfi, sannan ya zaɓi abin yi. Wanda ke mazaunin farko kuwa yana da mutum takwas a bayansa, ko wanne daga cikinsu yana iya kasancewa da babban hannu. Mai kallon katinsa yakan manta da wannan da zarar ya ga kati mai kyau, ya shiga hannu daga mazaunin da bai kamata ba, ya wahala har zuwa kati na biyar. Wanda ya rufe katinsa ba shi da abin da zai ruɗe shi, don haka yakan ajiye kusan kowane hannu daga mazaunan farko, ya jira kujerar mai rabo da wadda ke damanta. A ganina wannan ne darasin da ya fi saurin shiga jiki a duk atisayen.

Me ya sa ya fi dacewa da intanet fiye da teburin gaske?

A teburin gaske kowa yana ganin cewa mutum bai ɗaga katinsa ba. Da zarar an gane haka, ƙarin zubinsa ya rasa kwarjini, domin kowa ya san hannunsa bai wuce matsakaicin hannu ba, sai a riƙa biya ana kuma ƙara masa. A intanet kuwa babu wanda ya san akwai takarda a kan allonsa, saboda haka abokan wasa suna girmama zubinsa kamar na wanda ya duba ya ga abin kirki. Dukkan atisayen ya dogara ne a kan wannan rashin sani nasu, kuma wanda ya rubuta a akwatin hira cewa ba ya kallon katinsa ya rushe aikin da hannunsa.

To me mutum zai riƙa kallo idan ba ya kallon kati?

Abu na farko shi ne yawan kwandalolin kowa idan aka auna shi da babban zubin dole. Mai ninki goma ko ƙasa da haka ba a yi masa burga da ƙaramin ƙari, domin amsarsa ɗaya ce, ya zuba duka, kuma wanda bai san katinsa ba zai rasa yadda zai yi. Mai tulin da ya fi na kowa shi ma yakan biya don yana da halin yin hakan. Masu matsakaicin tuli su ne suka fi jin tsoro, musamman idan gasar ta kusa kaiwa matakin da ake fara biyan kyauta, domin babu wanda yake so ya fita saura mutum ɗaya ko biyu a shiga kuɗi.

Abu na biyu shi ne halin kowane mutum, kuma ana gane shi ne ta hanyar bin hannayen da ba a ciki. A ɗauki misalin wani da ke zaune kujeru biyu a hagunka. Sau uku ya biya ƙari kafin shimfiɗa, kuma duk sau ukun ya ajiye da aka zuba masa bayan katuna ukun farko sun fito. A karo na huɗu sai ya ƙara zubi nan take, aka je ga buɗe kati, aka ga yana da uku iri ɗaya. Wannan mutum ya riga ya faɗa maka yadda yake wasa: a zuba masa sau ɗaya, idan ya ajiye shi ke nan, idan ya yi turjiya a sakar masa. Mai kallon katinsa sau da yawa ba ya tara irin wannan bayani, domin da ya ajiye hannu sai ya koma kan wayarsa har a sake rabawa.

Abu na uku shi ne yanayin katunan tsakiya. Shimfiɗa irin ta K da 7 da 2 masu launi daban-daban ba ta cika haɗuwa da hannun wanda ya biya ƙari ba, don haka zubi ɗaya yakan isa. Shimfiɗa irin ta 9 da 8 da 7, biyu daga ciki launi ɗaya, tana taɓa hannaye masu yawa, kuma wanda ba ya ganin katinsa gara ya bar ta ta wuce. Akwai kuma saurin amsa da girman zubi, amma waɗannan alamu ne masu rauni, tunda jinkiri yana iya zama matsalar layin intanet ko kuma mutumin yana wasa a tebura da yawa a lokaci guda.

Idan wani ya zuba duka fa, ko aka kai ga buɗe kati?

Nan ne atisayen ya fi rauni. Burga tana aiki ne idan abokin karawa yana da damar ajiyewa, amma wanda ya riga ya zuba duk abin da ke gabansa ba shi da sauran abin ajiyewa, katuna ne kawai za su raba gardama. Akwai haɗuwa 1,326 ta katuna biyu da za a iya raba wa mutum, waɗanda ke komawa iri 169, kuma mafi yawansu ba abin a zo a gani ba ne. Hannun da ba a sani ba yana cin A biyu kimanin kashi 15 ne kawai cikin ɗari. Abin da ke ɗan sassauta lamarin shi ne ko 7 da 2, da ake ɗauka mafi munin hannu, yana cin A da K kusan sau ɗaya cikin uku idan aka shimfiɗa katuna biyar duka. Saboda haka wanda ya shiga irin wannan karo a makance yana baya, amma bai mutu ba, kuma duk wanda ya ci gasa ta wannan hanya sai da sa'a ta taimaka masa a wasu hannaye. Ita kanta Obrestad a irin wannan matsayi ne ta leƙa, kuma babu laifi mai atisaye ya kafa wa kansa wannan ƙa'ida tun kafin ya fara, cewa zai duba ne kawai idan an zuba masa duka.

Shin nasarar Obrestad ta nuna cewa kati ba shi da muhimmanci?

A'a. Gasa ɗaya ce, ta mutum 180, wato tebura 20 na mutum tara-tara, kuma jimillar kuɗin kyautarta dala 720 ne, irin gasar da mafi yawan masu shigarta 'yan koyo ne masu saurin ajiye kati idan aka matsa musu. An kuma yi ta ne a 2007, lokacin da shafukan intanet suka cika da sababbin 'yan wasa bayan Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee, ya samu gurbi ta ƙaramar gasar intanet ya je ya lashe dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Tun daga lokacin wasan ya canza ƙwarai. Yanzu akwai manhajojin da ke lissafa yawan hannayen da ya kamata mutum ya kare zubin dolensa da su, har ma kwamfuta ta doke ƙwararru, kamar yadda Libratus na Jami'ar Carnegie Mellon ya yi a 2017 da kuma Pluribus a teburin mutum shida a 2019. Matsakaicin ɗan wasa na yau ba ya ajiyewa cikin sauƙi irin na wancan zamani. Wanda ya ɗauki rufe kati a matsayin hanyar cin wasa ta yau da kullum zai yi asara, domin da gangan ya jefar da bayanin da abokan karawarsa suke amfani da nasu.

Wane ne atisayen zai amfana, wane ne kuma ba zai amfana ba?

Ya fi amfanar wanda ya riga ya san dokoki da darajar hannaye amma ya zama mai jira, ba ya motsi sai ya ga babban kati, har zubin dole ya cinye tulinsa. Irin wannan mutum yana buƙatar ya gani da idonsa cewa ana kwashe abin da ke tsakiya ba tare da an riƙe komai ba. Sabon shiga kuwa bai kamata ya fara da wannan ba, tunda wanda bai san abin da hannaye suke yi ba, ba zai iya hasashen abin da wani yake riƙe da shi ba. Wanda tun asali yake da rawar kai da yawan burga shi ma ya ƙyale shi, domin abin da yake buƙata shi ne haƙuri, kuma atisayen zai ƙara masa cutar da ke damunsa ne.

Dole ne sai da kuɗi ake yin sa? Ina matsayin addini da doka?

Ba dole ba ne, kuma ya kamata a faɗi maganar a fili. Foka da ake saka kuɗi caca ce, ko kuɗin dala 4 ne ko dala dubu, kuma haramcin caca a Musulunci bayyananne ne a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. A jihohin arewacin Najeriya da ke aiki da shari'a doka ma ta hana ta, kuma Hukumar Hisbah a Kano ta sha rufe shagunan caca. Kasancewar akwai gwaninta a wasan bai fitar da shi daga hukuncin ba matuƙar ana cin dukiyar juna a kansa. Kartar da babu kuɗi a cikinta kuwa malamai sun yi saɓani a kanta, kuma wanda abin ya dama sai ya nemi fatawa a wajen malamin da ya amince da shi.

Manyan shafuka da manhajojin waya suna da tebura na kwandalolin wasa zalla, waɗanda ba su da wata daraja ta kuɗi. Sai dai akwai matsala da ya kamata a sani: a irin waɗannan tebura mutane ba sa jin ciwon asara, saboda haka ba sa ajiyewa, kuma atisayen da ya ginu a kan sa mutane su ajiye yakan rasa abin kamawa. Mafita ita ce a nemi tebura masu babban zubi a cikin na wasan, inda waɗanda suka daɗe suna tara kwandaloli suke kula da su, ko a shiga gasa mai tsarin fitarwa a jira har masu zuba duka ba dalili su fita a zagayen farko, ko kuma a buɗe teburin sirri da abokai masu ɗaukar wasan da gaske, ba tare da an gaya musu ranar da za a rufe kati ba.

Yaya ake shirya zama ɗaya na atisayen?

A buɗe tebur ɗaya kawai, domin manufar ita ce kallo, kuma ba a iya bin halin mutum takwas a tebura huɗu. A tsayar da tagar wasan a wuri ɗaya a kan allo kafin a manna takardar, a kuma lura cewa wasu manhajoji suna rubuta ƙarfin hannun mutum a ƙasan katunansa ko a akwatin hira, don haka nan ma sai an rufe. Idan gasa ce aka mayar da mutum wani tebur, kujerarsa tana iya sauya wuri, shi ya sa yana da kyau a kunna zaɓin da ke ajiye mutum a gefe ɗaya na allo kullum. A ajiye littafi a kusa, a rubuta layi ɗaya a kan kowane abokin wasa, sannan kafin kowane zubi a faɗi dalilinsa a zuci: wane ne ake so ya ajiye, kuma me ya nuna cewa zai ajiye.

Me ake yi bayan an gama?

A cire takardar a buɗe tarihin hannayen da shafin ya adana, a bi su ɗaya bayan ɗaya da katunan a buɗe. Za a tarar da hannayen da aka ajiye manyan katuna ba a sani ba, wanda ba abin damuwa ba ne, tunda A biyu ma sau ɗaya ne suke zuwa cikin hannaye 221. Abin nema shi ne wuraren da aka kwashe abin da ke tsakiya da katin da mutum zai ajiye nan take da ya gan shi, a rubuta mazaunin da aka yi hakan da irin mutumin da aka yi wa da kuma yanayin shimfiɗar. Haka kuma a ware wuraren da burga ta ƙi ci, a duba ko an yi ta ne a kan mai ƙaramin tuli, ko a kan wanda ba ya ajiyewa, ko a hannun da mutum uku ko huɗu suke ciki. Wanda ba ya son zama a tebur kwata-kwata yana iya yin rabin wannan aiki da bidiyon gasa, ya rufe ɓangaren allon da ke nuna katunan 'yan wasa, ya tsayar da bidiyon kafin kowace shawara ya faɗi abin da zai yi da kuma hannun da yake zaton kowa yana riƙe da shi, sannan ya ɗaga takardar ya gwada hasashensa da abin da ya faru.